Ni Ban Taɓa Ledar Ba

Litinin, bayan azahar

Yau ma ta goce. Jar leda mai tsawon motar bas guda, an kusa kai wutsiya sai ta zame daga ƙarƙashin tayar hagu, wuƙar inji ta bi ta kanta ta yi mata yankan mahaukaci. Babban ɗana, wanda 'yan layinmu ke kira Injiniya tun ranar da ya sayo injin nan, ya shigo ya tarar da ita a cukurkuɗe kamar tsumman goge fenti. Ya dunƙule ta ya jefa bayan ƙofa, kan 'yan'uwanta na makon jiya. Sai da ya ba ni baya sannan ya ce, "Baba, ka taɓa ta?"

Na ce ban taɓa ba.

Ni ban taɓa zama a aji ba ko na wuni ɗaya. Baƙaƙen nan da nake rubutawa a bakin burushi na koye su, ina kan tsani, maigidana yana ƙasa yana zagina. Shagon nan ni na kafa shi, da ragowar fenti da tsanin aro. Kafin a zo da abin liƙawa, babu allon shago a titin nan da ba hannuna ya ja ba. Yanzu aiki ɗaya aka rage mini: in saka leda a inji, in tsaya a kanta har a gama yanka. Shi ɗin ma sai an tambaye ni ko na taɓa.

Talata, da hantsi

Bari in rubuta yadda abin yake, kada wata rana a ce tsoho ne bai gane ba. Leda ce mai gam a bayanta, naɗinta yana zaune a bayan inji. Ka zaro bakinta, ka zura ƙarƙashin wasu 'yan tayoyi biyu, ka daidaita gefenta da zanen awo na gaba da na baya, ka sauke mariƙi tayoyin su danne ta. Daga nan inji ke janta gaba da baya, wuƙa tana yawo hagu da dama. Ƙaramin aiki, sunan shago ko lambar waya, ko makaho ya yi. Dogon aiki shi ne tonon asiri. In ka kuskure da kaurin gashi a farko, kafin ka kai ƙarshe ya zama faɗin yatsa biyu.

To ga Mai motoci ya kawo mana bas-bas ɗinsa, yana so a yi wa kowace jan ratsi daga kai har wutsiya, gefe da gefe, ba haɗi ba tsinkewa. Na ce a ba ni zare da alli da gwangwani ɗaya, in ja masa layin da jikokinsa za su gani. Injiniya ya yi irin murmushin da ake yi wa yaro in ya ce zai ɗauki buhu. Ya ce, "Baba, ai ka huta."

Huta. Kowa ya koyi kalmar nan kwanan nan.

Laraba, da safe

Na ce wa matata, Tsohuwa, kofin nan mariƙinsa ya yi ƙanƙanta, shi ya sa shayi ke zubar mini a riga. Ta kawo wani. Shi ma haka aka ƙera shi.

Alhamis, bayan magariba

Bangon ɗakina ba shi da kauri, sun manta ni na sa aka gina shi. Na ji Injiniya a tsakar gida yana yi wa uwarsa magana ƙasa-ƙasa. Wai Mai motoci ya ce in wata ya ƙare ba a gama ba zai kwashe sauran motocin ya kai wani wuri. Wai jar ledar da ta dace da ta motocin da aka riga aka liƙa, naɗi ɗaya ya rage da ba a buɗe ba, babu irinta a kasuwa. Sai ya ce, "Mama, in wannan ma ta lalace, ke za ki ce masa ya zauna a gida. Ni bakina ba zai iya ba."

Ta ce, "Ni kuma nawa bakin na ƙarfe ne?"

Ya zauna a gida. Kamar tsohon tsani da aka jingine a bayan ɗaki. An ci moriyar ganga, za a ya da kwaurenta. Na yi tari don su san ina nan, suka koma maganar kuɗin wuta.

Juma'a, da yamma

Mai walda, maƙwabcin shagonmu, sa'ana ne, tare muka tsufa a layin nan ba mu taɓa rabuwa ba tare da zagi ba. Ya leƙo da baƙin gilashinsa a goshi ya ce, "Sarkin tsaro, yau guda nawa aka yanka wa bola?"

Na ce, "Kai da wuta ta cinye idonka tun muna samari, me ka sani game da miƙaƙƙen layi? Ƙofar da ka yi mini har gobe da ƙafa ake rufe ta."

Ya ce, "Ƙofa lafiyarta lau, gidan ne a karkace, ya biyo mai shi." Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Wai tsakani da Allah, me ya sa in ɗanka ya fita kake rungume ledar nan kamar jaririya?"

Na ce masa tallafawa daban, taɓawa daban. Ya je ya ji da ƙarfensa.

Su ba su gane ba. Duk abin da zai yi tafiya mai nisa yana son hannu. In za ka buga zare a bango sai ka ja shi ya yi tsam, in ka sake shi ya yi ciki, layi ya lalace. Ledar nan in ta yi tsawo lilo take yi, tana rangaji kamar mai jin barci. Yatsu biyu kawai nake ɗora mata a gefe, in ɗan ja ta kaɗan ta san akwai mutum a wurin. Wannan ba taɓawa ba ce. Wannan shi ne aikin.

Asabar, bayan la'asar

Na ce wa Injiniya daɓen shagon ne ya lotsa ta hagu. Ya kawo ma'aunin ruwa na magina ya ɗora a kan inji, ruwan ya tsaya a tsakiya, amma duk da haka ya naɗe kwali ya cusa ƙarƙashin ƙafar. Na ce tayoyin sun sha ƙura da gam. Ya goge su da tsumma da fetur har suna ƙyalli. Na ce gudun ya yi yawa, ya rage. Na ce nauyin naɗi ne ke fizgar ta, ya warware tsawon da ake so ya bar shi sako-sako a baya. Ya sa inji ya ja ta gaba ɗaya har ƙarshe ba wuƙa, ya dawo da ita, gefen bai bar zanen awo ba.

Duk abin da na ce sai ya ce, "To, Baba." Da ma gardama ya yi mini. Mutum ba ya faɗa da "to".

Muka gwada da wata tsohuwar shuɗiya, yana tsaye, ni hannuna a baya. Ta fito sambal. Ya kalle ni. Na ce ai dabba ma ta san mai ita, in ya fita za ta koma halinta.

Litinin, da azahar

Ta koma halinta.

Talata, da yamma

Tsohuwa da matar Injiniya suka tasa ni gaba wai mu je gaida mara lafiya a asibiti. Da muka je ashe ni ne mara lafiyar. Wani mai farar riga, gemunsa ma bai gama fitowa ba, ya ce in miƙa hannuwana. Ya ɗora mini takarda a bayan hannu ya tsaya yana kallonta. Na ce masa ya kashe fanka in yana son takarda ta zauna lafiya. Ya ɗaga kai ya kalli fankar, ya kalli matan, ya rubuta wani abu.

Ya faɗi wani suna. Ba zan ɓata tawada a kansa ba. Ya ba da ƙwayoyi, na zuba su a aljihun rigar da ba na sawa. Tsohuwa ta sayo man zafi a hanya, ta ce ko wannan in yarda ta riƙa shafa mini safe da yamma. Na yarda don a zauna lafiya. Warinsa kamar kantin magani ya kama da wuta.

Laraba, da hantsi

Shago ba kowa. Na ɗauko ɗan katako daga bayan ƙofa da burushina mai dogon gashi, na ce bari in ja layi ɗaya don nishaɗi.

Burushin ya tsufa, gashinsa ya watse. Fentin ma na yanzu ruwa ne. Na juya katakon ya kalli bango.

Alhamis, bayan azahar

Ban ce wa kowa komai ba. Ni da Injiniya muna cin abinci a shago kamar baƙi biyu a tasha.

Ina kallonsa yana danna kwamfuta, na tuna shekarar da na sayar da kekena don a sa shi makarantar da aka koya masa wannan dannawar. Da ƙafa na riƙa zuwa aiki, tsani a kafaɗa. Ban taɓa faɗa masa ba, yanzu ma ba gori nake yi ba. Rubutawa kawai na yi.

Asabar, da la'asar

Ya buɗe naɗi na ƙarshe. Ya auna ya sake aunawa, ya ce zai ishi sauran motocin, da rarar tsawo ɗaya tak. Aka kira shi gareji, wai wani ratsi ya yi kumburi. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu, ya ce, "Baba, don Allah." Ya tafi.

Na zuba hannuwana a aljihu. Allah shaida ne na zuba su. Na tsaya ina kallo ta wuce rabi lafiya lau. Sai ta fara wannan rangajin nata, gefen yana ɗagawa yana sauka. Duk mai imani da ya ga haka sai ya kai mata ɗauki.

Rarar ta tafi.

Lahadi

Ban fita ba. Kaina ke ciwo.

Litinin, da yamma

Ya kira mai gyara. Wani siririn mutum da jakar sukurdireba, ya kwance murfi, ya latsa nan ya murɗa can, ya sha lemon da aka sayo masa. Ya ce, "Injin nan ya fi ni lafiya. In leda ta hau daidai ba abin da zai karkatar da ita sai in wani abu na janta ta gefe. Ko tana gogar bango, ko kujera, ko..." Sai ya kalle ni ya haɗiye sauran da lemo.

Na ce, "Ko me? Ƙarasa mana, ɗan nan, ai ba a biyan rabin magana."

Ya ce, "Ko iska, Baba."

Bayan ya tafi Injiniya ya ɗauko wadda ta lalace ranar Asabar daga bayan ƙofa. Ya warware ta a kan tebur yana bin gefenta da ido. Can sai ya ɗaga gefen ya kai hancinsa. Ya shinshina. Ya matsa gaba kaɗan ya sake shinshinawa. Har daga inda nake zaune ina jin warin man zafi, amma ai shagon gaba ɗaya warinsa yake, tunda a ciki nake wuni.

Ya naɗe ta a hankali, ba dunƙulewa irin ta kullum ba. Ya ajiye. Ya ce, "Baba, mu tashi, yamma ta yi."

Da ya daka mini tsawa da na san abin da zan ce masa. Na tanadi amsa tun makon jiya, ga ta nan a bakina tana tsami.

Talata, da safe

Tsohuwa ta kawo shayi ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Malam." Na ce, "Na'am." Ta gyara ɗankwali. Ta ce, "Malam, dama..." Na zuba mata ido. Ta ce, "Dama sukari ne ya ƙare."

Na ce a sayo. Na ɗauki hulata na tafi shagona.

Laraba, bayan la'asar

Zan rubuta na yau yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Injiniya ya ce yau za a yanka duk abin da ya rage, ba zai je ko'ina ba. Ya ce in saka ledar da kaina. Na saka. Na daɗe ina daidaita gefen da zanen awo, don zanen ya dusashe, sai rawa yake yi wa mutum a ido. Ya jira bai sa mini hannu ba. Da ta zauna ya sauke mariƙi. Ya jawo benci ya ajiye nesa da inji kamar taku uku, ya ce, "Baba, zauna, akwai abin da na daɗe ina son tambayarka."

Na zauna. Ya danna maɓalli, inji ya fara kukansa. Ya zo ya durƙusa a gabana ya miƙo hannu biyu kamar mai gaisuwa. Na ba shi nawa. Bai saki ba.

Ya ce, "Wai tankin ruwan nan na bakin kasuwa, ya aka yi ka zagaye shi da layi har bakin ya haɗu da baki? Mai walda ya ce ƙarya ne, wai mutum biyu kuka yi."

Na ce Mai walda maƙaryaci ne tun yana cikin zani. Na ba shi labari, yadda aka ɗaure ni da igiya a ƙugu, yadda na cika siririn tiyo da ruwa irin na awon magina na riƙa sa alama da alli, yadda iska ke kaɗa ni gwangwani na bugun gwiwata, mutane a ƙasa sun yi cirko-cirko. Ina cikin bayani na hango ta ta gefen ido. Ta wuce rabi, ta fara rangaji. Na yunƙura. Ya ƙara damƙe ni, ya kamo na hagun ma ya haɗa. Ya ce, "Sai aka yi yaya, Baba? Da ka zagayo?"

Na ce, "Sake ni, za ta goce."

Ya ce, "Da ka zagayo, layin ya haɗu?"

Kansa a sunkuye yake, ba ya kallona, ba ya kallon inji. Rabon da hannunsa ya daɗe a cikin nawa tun ina tsallakar da shi titi. A tsakanin tafukan nan huɗu akwai wanda ke ɓari kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Ban ce na wane ne ba. Shi ma bai ce ba, sai dai ya riƙe shi kamar kada ya faɗi.

Na ce, "Ya haɗu."

Inji ya yi shiru. Ya tashi ya yanke ta, muka shimfiɗa a ƙasa daga bango har bakin ƙofa. Ya ɗora doguwar rula a kai, a tsakiya, a wutsiya. Bai faɗi abin da ya gani ba, don ina da ido.

Ya saka mai bi mata. Bai sake riƙe ni ba. Na zauna a kan bencin, na danne hannuwana da cinyoyina, har aka yanka na ƙarshe. Ko ɗaya ba ta goce ba. Ta yi rangajinta ta gama, ta isa inda za ta, ba ta nemi kowa ba.

Mai walda ya leƙo ya ga jan layuka a shimfiɗe, ya gan ni a benci. Na jira zaginsa. Ya ce, "Sannu da aiki," ya sauke gilashinsa ya koma. Shekara da shekaru bai taɓa ce mini sannu ba. Wannan ba zan yafe masa ba.

Alhamis, da hantsi

Ban je ba. Ba wanda ya ce kada in je. A rubuta wannan: ba a kore ni ba, kuma ba a bar wa mace ta faɗa mini ba.

Asabar, da safe

Injiniya ya zo ya gaishe ni ya durƙusa har ƙasa. Ya ce, "Baba, sai na dawo." Na ce a dawo lafiya. Hulata tana kan gwiwata, ya gan ta.

Litinin

Ba a aiko ba.

Laraba, da yamma

Ba a aiko ba. Matarsa ta kawo mini kankana a yayyanke, an cire 'ya'yan, da cokali mai yatsu. Na ce ta kai wa yara.

Juma'a, bayan la'asar

Ina zaune a ƙofar gida, Tsohuwa tana daga ciki kusa da ƙofa tana tsintar shinkafa, sai ga ɗaya daga cikin motocin Mai motoci ta tsaya sauke fasinja daidai gabanmu. Na tashi na tsallaka kwata. Na tsaya a wajen fitilar gaba na rufe ido ɗaya na bi jan ratsin har wutsiya, yadda maigidana ke bin nawa in yana neman dalilin zagi. Na zagaya ɗaya gefen na sake bi. Kwandasta ya ce, "Baba, shiga za ka yi ko saye?" Ban kula shi ba.

Na nemi ciki, na nemi doro, na nemi inda ya hau ko ya sauka da kaurin gashi. Motar ta tashi ta bar ni a tsaye.

Na dawo na zauna. Tsohuwa ta ce, "Ya ka gani?"

Na ce, "A karkace yake."

Matar nan tun da na aure ta ban taɓa cewa rana ta fito ba ta ce hadari ne. Ko kanta ba ta ɗaga daga faranti ba, ta ce, "Ni ma haka na gani, Malam."